Tungar da Muka Zaɓa Saboda Ita

Shekarun baya masu nisa, a ranin da ya biyo bayan samun 'yancin kai, ina ƙaramar mace da goyon fari, muka tashi daga ƙauyenmu na kusa da Zagga za mu tafi su, wato kamun kifi, kamar yadda muka saba. Mu masunta ne tun kaka da kakanni. Idan aka gama yankan shinkafa aka zuba a rumbu, ruwan Kwara kuma ya fara ja da baya, sai kowane gida ya ɗaure kayansa a jirgi ya tafi inda zai kafa tunga. Tunga dai bukkoki ne na zana da kara a bakin ruwa. A ciki ake zama, maza suna kamun kifi mata suna banda, har sai hadarin farko ya taso, sannan a kwashe a koma gida a kama noma.

Mu ba mu da yawa. Akwai surukina, wanda yayan mahaifina ne, don haka tun ina yarinya Baffa nake ce masa. Akwai matarsa, Inna. Sai maigidana, da ƙaninsa wanda bai yi aure ba tukuna, sai ni, sai yarinyar.

Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba. Tana da ƙafafu gwame-gwame, in tana tafe sai ka ce 'yar agwagwa ta fito daga ruwa. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban surukai. In ta yi kuka ina zaune, sai in kau da kai kamar ban ji ba, har Inna ta ɗauko ta ta dire mini tana faɗa: “Ke, ba ta nono mana, ko sai ta shiɗe?” Ni kuwa in karɓa ina ɓata fuska kamar an ɗora mini aiki. Sai in ba kowa a kusa nake cusa hancina a wuyanta in yi ta shaƙar ƙamshinta. A idon jama'a ɗiyar Inna ce. Baffa kuwa amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika, kuma duk kifin da ya fi daɗi a tukunya sai ya cire ƙayar da hannunsa ya ce na amarya ne.

Muna da tsohuwar tungarmu, can sama, a ƙetaren da muke kira ƙasar Faransi, wato Dahomey, wadda yau ake ce wa Binin. Wuri ne mai tudu da manyan tsamiyoyi, kuma ramin kifi yana gabansa. A can aka haifi maigidana. Ba wanda ya taɓa tambayar ina za a sauka bana, domin an sani. Maigarin wurin abokin Baffa ne, duk shekara mukan kai masa daron shinkafa da giwan ruwa na farko da aka kama, shi ke nan.

Tafiyar sama ba wasa ba ce, jirage biyu cike da taru da mamari mai jerin ƙugiyoyi da zana da tukwane da kaji a akurki. Maza suna tura jirgi da gwangwala, ni aka ba filafili in taimaka a ƙaramin jirgin. To ni, duk da ɗiyar masunta ce, Allah bai ba ni hannun tuƙi ba. In na tuƙa dama jirgi ya yi hagu. Ƙanin mijina, wanda abokin wasana ne, ya yi ta tsokanata: “Yaya ya auro mana manomiya. Aje filafilin nan ki riƙe kaji, kada ki kai mu Makka ba shiri.”

Da muka isa, tun daga nesa muka hangi wani dogon itace an kafa a bakin gaɓa da ƙyalle mai launi-launi a samansa. Ƙarƙashin tsamiyoyinmu kuma akwai bukkokin wasu mutane, har da hayaƙin banda. Baffa da maigidana suka hau gari, mu muka jira a cikin jirgi. Sun daɗe. Da suka dawo, wani saurayi yana biye da su, yana ta ba Baffa haƙuri da Hausarsa mai gauraye da Dandanci. Ashe maigarin ya rasu da damina, wannan ɗansa ne. Ya ce ba laifinsa ba ne, yanzu sun samu ƙasarsu mu ma mun samu tamu, kuma an aiko musu cewa baƙin da suka fito daga ƙasar Ingilishi sai da izini daga sama. Wurin ma an riga an ba wasu na gida.

Baffa ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin ruwa ɗaya a kan tudu, ya ce, “Yaro, ni ban hito daga ƙasar Ingilishi ba. Daga Zagga na hito. Ubanka ya san ni.”

Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce ya sani.

“To kihin hwa? Shi ma an raba shi, kowa da nashi?”

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta miƙa wa saurayin daron shinkafar duk da haka, ta ce sadaka ce ga mamacin. Muka juya jirage.

Ranar na fara ganin Baffa bai san inda za shi ba. Muka bar ruwa yana gangarawa da mu a hankali, maza suna duban gaɓa dama da hagu. Ashe zaɓen wurin zama aiki ne babba, mu ne dai ba mu taɓa yi ba. Ana son kifi a kusa. Ana son itacen banda, domin kifin da ba a kyafe ba a zafin rani kafin la'asar ya fara wari. Ana son tudu, da inuwa, da ruwan sha mai kyau, da kasuwar da fatake za su iske mu. Ba kuma a son hanyar dorina. Duk inda ka samu biyu sai ka rasa uku.

Wuri na farko da muka tsaya wani tsibirin rairayi ne a tsakiyar kogi, bayan mun dawo ɓangarenmu. Fari fat, shimfiɗe, ba ko ciyawa. Maigidana ya jefa birgi, komar nan ta jifa, sau ɗaya don gwaji, da ƙyar ya jawo shi saboda nauyin karfasa. Idonsa ya yi haske. Ya ce, “Baba, nan in munka zauna, kahin damina sai mun sake jirgi.”

 Inna ta sauke yarinyar daga baya ta dire ta a kan rairayin. Yarinyar ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar, ta fasa ihu, don rairayin ya ɗau zafi kamar kasko. Inna ta sure ta, ta ce, “Ka ji amsarka. Kuma ruwa gaba ruwa baya, ga ɗiya mai tahiya. In na juya in hura wuta, wa ka riƙe min ita? Uwarta?” Ta harare ni. Ni kuwa a lokacin na tsaya ƙiƙam ina kallon wasu manyan sawu a bakin ruwa, kowanne kamar faɗin akushi. Dorina ce. Tun ina ƙarama ba abin da nake tsoro kamarta, har yau in na ga hotonta a akwatin talabijin sai na gyara zama. Ban san lokacin da na koma cikin jirgi na zauna kusa da kaji ba.

A kan tsibirin muka ci abincin rana, ƙarƙashin zana da aka tokare da gwangwala. A nan ƙanin mijina ya kawo tasa maganar. Ya taɓa haɗuwa da wani bafatake a kasuwar Ka'oje wanda ya je har Kwatano, can ƙarshen Dahomey, ya ga teku. Tun daga ranar yaron nan bai da zance sai teku. Wai ruwa ne da ba a hangen ƙetarensa, yana tashi tsaye kamar gini yana faɗuwa. Wai akwai wasu tafkuna a bayansa inda mutanenmu suke kafa bukkoki ƙarƙashin itatuwan kwakwa, kifi ba rani ba damina.

Ya ce, “Baba, tunda an hana mu namu wuri, mi za mu tsaya yi? Mu aje jirage wurin wani, mu hau mota zuwa inda jirgin ƙasa ya ƙare, shi kai mu har bakin teku. Mu kahwa tungarmu can.”

Baffa ya ce, “Ƙasar da anka kore mu daga bakinta, ita za mu shiga har ƙuryarta?”

“Can ba a tambaya, Baba. Mutane sun yi yawa.”

Inna ta ce, “An ce ruwan gishiri ne, ko?”

“Gishiri ne.”

“To da mi za ni dama wa ɗiyar ga kunu? Ka tahi da jinjira inda ba ka san kowa ba, ba ka jin maganassu, in ta yi zazzaɓi ka kai ta ga wa?”

 Sai ya juyo ya dube ni ya ce, “Ke manomiya, ba ki son ganin teku?” Na ce in ba dorina a ciki ina so. Aka ɗan yi dariya, maganar ta mutu.

Wuri na biyu bakin wata fadama ce inda wani ƙaramin rafi yake shiga Kwara. Itace ko'ina, busasshe, ba sai an yi nisa ba. Inuwa har ta yi yawa. Tarwaɗa kuwa ana ganin motsinta a cikin ciyawa. Har ga Allah ni wurin ya yi mini, don ni ce mai yo itace. Amma ba mu gama ɗaure jirage ba sauro ya sauko mana, da rana tsaka, kamar an aiko shi. Muka tarar da kufan wasu bukkoki da suka ruɓe, a bayansu kuma wasu 'yan tudun ƙasa gajeru-gajeru an jera musu duwatsu. Kowa ya ga tsawonsu, kowa ya san kaburburan yara ne. Inna ta ja mayafi ta rufe kan yarinyar, ta koma jirgi. Baffa ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, muka bi bayanta.

Mun yi kwanaki muna wannan yawo. A sauka a duba a tashi. Garin tuwon da muka taho da shi ya fara yin ƙasa, ran maza ya fara ɓaci, maigidana da ƙaninsa har sun fara yi wa juna magana da ƙarfi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai wata safiya muka zagayo wata kwana muka ga gaɓa mai tsawo, ja, da wasu itatuwan ɗorawa a kanta. Muka hau. Wurin a share, iska tana kaɗawa, ba sauro. Ƙauye yana nan kusa, ana jin dakan mata. Akwai rijiya mai ruwa garau, akwai masallaci, akwai 'yar kasuwa duk mako. Maigarin ya zo da kansa ya ce mu zauna, ƙasa ta Allah ce. Aibin wurin ɗaya ne, kuma babba ne ga masunci: ba kifi. Maigidana ya jefa birgi har hannunsa ya gaji, abin da ya samu bai cika ƙwarya ba. In za a kama na kirki sai an yi tuƙi mai nisa kullum, a je a dawo.

Maza suka tsuguna ƙarƙashin ɗorawa suna shawara. Maigidana ya ce a koma tsibiri, a yi wa yarinyar shinge. Ƙaninsa ya ce shi dai an san ra'ayinsa. Inna ta ce, “Ku kuna da ƙarhin tuƙi. Ita ba ta da ƙarhin sauro, ba ta da na rana, ba ta iya iyo ba. Ku wahala ku, ita ta zauna lahiya.”

Ni ba a tambaye ni ba, kuma ko an tambaye ni ba zan iya buɗe baki in ce saboda ɗiyata ba. Amma a cikin raina ina ta roƙon Allah Ya sa maganar Inna ta ci.

Ana cikin haka yarinyar ta sulale daga cinyar Inna, ta yi tafiyarta ta agwagwa har gindin babbar ɗorawar, ta zauna daɓas, ta tsinci wani busasshen kwanso tana kaɗawa. Ƙanin mijina ya je zai ɗauko ta, ta ƙanƙame saiwar itacen ta ƙi. Baffa ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun da aka juyo da mu. Ya ce, “To, amarya ta zaɓi ɗakinta. Ku sauke kaya.”

Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗin wurin nan da farko. Maza sukan fita da sassafe su dawo bayan azahar a gajiye, hannuwa duk kanta, kifin kuma ba yawa, amma ba wanda ya yi gunaguni a gaban Inna. Ni na yi ƙawa, wata mata mai yara uku da gidansu yake bakin hanyar rijiya. Tana koya mini Dandanci ina kwaɓawa, matan rijiya suna riƙe ciki don dariya. Wata rana na so in ce a ba ni guga, ashe abin da na faɗa ya fi kusa da a ba ni miji. Yarinyar kuwa ta samu abokan wasa. Yaran ƙawata sukan zo tun da hantsi su ɗauke ta, wannan ya goya wannan ya karɓa. Ta yi ƙiba, ta yi baki, ta koyi kiran kaji. Inna takan dube ta ta dubi maza ta ce, “Kun gani?”

Da zafin bazara ya tsananta, sai aka fara raɗe-raɗi a rijiya cewa baƙo ya shigo gari. Haka ake faɗa, ba a kiran sunansa. Baƙon dauro ke nan, ƙyanda. A lokacin ba mu san wata allurar rigakafinta ba. In ta shigo gari sai dai kowace uwa ta tattara nata ta yi ta addu'a. Wani yaro aka ce ya zo da ita daga wata kasuwa. Kafin mako ya zagayo an fara jin kuka daga cikin gari da rana.

Inna ta hana yarinyar fita daga bukka, ta hana yaran ƙawata zuwa. Baffa ya ce a kwance bukkoki a koma tsibirin, zafi da dorina duk sun fi wannan. Har an fara naɗe zana. Da na ɗauko yarinyar in ba ta nono kafin mu shiga jirgi, sai na ji bakinta da zafi a jikina. Na duba idonta, ya yi ja yana ruwa. Na daɗe a zaune ban kira kowa ba. Ina jin maigidana a waje yana cewa a miƙo masa igiya. Sai da Inna ta leƙo ta ga fuskata, ta taɓa goshin yarinyar, sannan ta fita ta ce wa maza, “Ku mai da zanar nan. Baƙo ya riga mu.”

An yi duk abin da aka sani. An rufe ta daga iska, an jiƙa saiwoyi, limamin garin ya yi rubutu an wanke an ba ta. Ƙurajen suka fito suka rufe ta har tafin hannu, muka yi murna, don an ce in sun fito waje an tsira. Suka fara bushewa. Sai tari ya kama ta. Numfashinta ya koma kamar ana jan zare ta cikin ƙaramar kafa, haƙarƙarinta yana shiga yana fita. Ta daina karɓar nono. Ta daina ma kuka, wanda ya fi komai tayar mini da hankali.

Maigidana ne ya ce a kai ta Bagudo, ya ji ana cewa akwai ɗakin magani. Ba kusa ba ne. Muka shiga ƙaramin jirgi da sassafe, shi da ƙaninsa suna tuƙi, Inna a tsakiya da yarinyar a cinya an yi mata rumfa da zane, ni a bayanta. Baffa ya tsaya a kan gaɓa da carbi. Ban taɓa ganin mutane sun yi tuƙi irin na ranar ba.  Ƙanin mijina, mai surutun nan, bakinsa a rufe, gumi yana zuba daga haɓarsa. Ni ma na ɗauki filafili, ba wanda ya ce in ajiye.

Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Sai Inna ta juyo ta ce mini, “Aje wannan.”

Na ajiye.

Ta ce, “Karɓi ɗiyarki.”

Na dubi bayan maigidana, na dubi ƙaninsa. Ko a wannan hali, wallahi, sai da na ji nauyi. Inna ta ɗora mini ita a ƙirji da ƙarfi, ta ce, “Yau babu kunya. Riƙe ta. Kira ta da sunanta ta ji.”

Na kira ta. Wannan ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina da ƙarfi, har ya yi mini baƙo a harshe. Na sake kira. Ta buɗe ido kaɗan, ban sani ba ko ni take gani ko hasken da ke ratsa zanen. Na yi ta kira ina faɗa mata duk abin da nake faɗa mata a ɓoye, a gaban ubanta da kakarta da kowa. Ban san tsawon lokacin ba. Inna ce ta sa hannu ta shafe mata ido, ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.” Maigidana bai juyo ba. Ya ci gaba da tuƙi, sai da ƙaninsa ya kama filafilinsa ya riƙe.

Muka juya. Ba mu ga ko rufin Bagudo ba.

Baffa yana nan inda muka bar shi. Da ya ga yadda jirgin yake tahowa a hankali, sai ya zauna a ƙasa. Mutanen garin suka zo suka yi mana komai, duk da kowane gida da nasa makokin. A maƙabartarsu aka sa ta, a jere da yaran da take wasa da su. Ƙawata ta rasa biyu cikin ukunta. Ta zo ta zauna kusa da ni a bakin bukka har rana ta faɗi. Ba ta yi Hausa ba, ban yi Dandanci ba.

Abin da ya biyo baya ya fi mini ranar kanta nauyi. Tungar ta yi tsit. Inna ta daina cin abinci sosai, takan zauna tana juya kifi a kan banda har ya ƙone. Wata rana muna zaune sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, “Ni na ce a zauna nan.” Maigidana ya ce a'a, da ya dage a kan tsibiri da an bi shi, shi ne bai dage ba. Ƙaninsa ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Kowa shi yi shiru. Mun ga rana munka guje mata. Mun ga sauro munka guje mishi. Mun ga ruwa, mun ga dorina. Abin da munka gani duka mun tsare ta daga gare shi. Wanda ba mu gani ba, ba a ba mu ganinshi ba. Kada in sake jin wani ya ce shi ne.”

Ba a sake faɗa ba. Amma Baffa kansa, wanda ya hana kowa, shi ne na sha gani zaune a gindin babbar ɗorawar nan shi kaɗai, ya dafa saiwarta.

Ba mu jira hadari ba, muka koma gida da ɗan kifin da bai taka kara ya karya ba. Bayan an gama shuka, ƙanin mijina ya zo ya durƙusa gaban Baffa ya ce a ba shi izini zai tafi teku. Kowa ya zaci za a yi rigima. Baffa ya ce, “Tahi. Ni ban san inda ya hi wani wuri ba yanzu.” Da zai fita ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, “Manomiya, in na dawo zan kawo miki ruwan a kwalba ki ɗanɗana.” Bai dawo ba. Muna dai jin labarinsa a bakin fatake, ya yi aure a can, ya haifi 'ya'ya masu jin wani yare, a can kuma ya rasu da tsufansa. Inna ta yi rashin jika da ɗa a shekara ɗaya, ɗaya a ƙasa ɗaya a duniya.

Da rani ya zagayo Baffa ya ce shi ya gama fita, ƙafafunsa sun gaji. Inna ta zauna tare da shi. Muka fita ni da maigidana, muka bi ayarin wasu 'yan'uwa, ina da ciki ya fara nauyi. Da muka kai inda jirage suke rabuwa kowa ya nemi wurinsa, sai maigidana ya ɗora filafili a cinya ya bar jirgin yana yawo. Ya daɗe. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Ina kike so mu sauka?”

Bai taɓa tambayata irin wannan ba. Na gane ba girmamawa ce kawai ba, tsoro ne. Ni ma shi nake ji. Na ɗaga kai na ga wata gaɓa a gabanmu, ba tudu sosai ba, ba kwari sosai ba, da 'yan itatuwa, ba abin da za a yaba ba abin da za a kushe. Na ce, “Nan.” Muka sauka. Mun yi shekaru muna komawa wurin, a can na yi renon sauran 'ya'yana, duk suka rayu. Ba don wurin ya fi wancan ba. Akwai sauro, akwai ma dorina, na sha gudu na bar tulu a bakin ruwa.

Yanzu na tsufa ƙwarai, idona ya rage, jikoki da 'ya'yansu sun watsu a birane. Sukan zo su tambaye ni shawara, wace unguwa za su kama haya, wace makaranta za su sa yara. Nakan ce su duba da kyau, su tambayi maƙwabta, su ga ruwan sha, su kai yara rigakafi kada su yi wasa da shi. Dubawa wajibi ce, ban taɓa cewa a bar ta ba. Amma in na ji an taru a kan wata uwa ana cewa da ba ta kai shi can ba, da ba ta bar shi nan ba, nakan tashi da sandata in je in zauna kusa da ita. Na san ta riga ta faɗa wa kanta duk wannan, fiye da yadda wani zai faɗa mata.

Ban san ko kabarin yana nan ba, ban sake hawa waccan gaɓar ba. Ba ni da hotonta, a lokacin wa ya san hoto a tunga. Fuskarta ma ta fara ɓace mini, sai in yi ta ƙoƙarin haɗa ta ta ƙi haɗuwa. Duk waɗanda suka san ta sun tafi, ni kaɗai na rage a duniya da na san ta taɓa zuwa. Shi ya sa in baƙo ya tambaye ni 'ya'yana nawa, ba na ba shi lissafin da ya gani a tsakar gida. Da ita nake farawa, kuma da sunanta.